Moɗar Ƙofar Gida

Ni ne na yi laifi. Yau, shekara guda da rasuwar Baba, dattijon cocinmu a Damba, na tsinci moɗarsa bayan buhun gero, inda na ɓoye ta.

Kullum yakan ajiye randa mai sanyi a ƙofar gida don masu wucewa, ni nake cika ta. Wata bazara na gaji da jan guga, na ɗauke moɗar don kada a shanye ruwan. Wata Bafulatana mai tallar nono ta leƙa randar, ta wuce da ƙishinta.

Baba ya ce, "Ɗana, Almasihu ka kora."

Ban fito da moɗar ba har ya rasu. Ɗazu na cika randar, na mayar da moɗar. Allah ya ba ka hutawa, Baba. Ka yafe mini.