Wasiƙar Yaya Jibrin ga Masu Manhaja

Yayana Malam Jibrin ya shekara talatin yana buga wa mutane takardu a ɗan shagonsa da ke unguwar Sheshe, tun zamanin tafireta. Bai taɓa ce wa wani ya yi kuskure ba. Ko tela ne ya ɓata masa riga, sai ya ce ai jikinsa ne ya canza. Mutane na yaba wannan hali, ni kuwa shi ke ƙona min rai.

Gwaggonmu 'Yardada ce kaɗai ta rage cikin waɗanda suka haddace waƙoƙin wa'azin kakanmu. Da jikinta ya fara rauni, Yaya ya riƙa ɗaukar kwamfuta bayan la'asar ya tafi gidanta a Zaitawa, tana rerawa yana bugawa. Manhajar rubutun ta kyauta ce, wasu 'yan sa-kai ne suka yi ta a ƙasashen waje. Sai da aka yi wata biyu ya lura da aibinta: duk shafin da Larabci ya gauraya da Hausa, in ya adana ya sake buɗewa, rabin baitocin sun tafi.

Na ce, "Yaya, suna da shafin kai ƙorafi. Ka faɗi abin da ka danna, abin da ya faru, da abin da ya kamata ya faru. Layi uku ya isa."

Ya ce, "Haba Sa'adiyya. Mutum ya ba ka abu kyauta, ka tare shi da ƙorafi?"

Shafi biyu ya rubuta, ya ba ni in fassara tunda Turanci nake koyarwa. Gaisuwa ce da tambayar iyali da addu'a ga iyayensu. Can ƙasa ya ce yana ganin ɗan abin da ba a rasa ba, amma wataƙila rashin iyawarsa ne. Na so in gyara, ya hana. Ni ma da nawa laifin, na kasa tsallake maganar babba in aika tawa wasiƙar.

Washegari amsa ta zo: sun gode, ba su ga wata matsala a bayaninsa ba, sun rufe ƙorafin.

Shi ke nan ya yarda laifinsa ne. Ya ci gaba da bugawa, yana ƙara lallaɓa madannai. Kunya ta hana shi gaya wa Gwaggo ta maimaita na baya, wai kada ta ce tana magana ba ya ji. Bayan Babbar Sallah ta rasu. Cikin waƙoƙi arba'in, sha ɗaya ne suka tsira cikakku.

Bayan sadakar bakwai na zauna da fushina na rubuta layi ukun nan, ko sallama babu. Cikin kwana tara suka gyara, har da godiya.

Na same shi a shago yana cire ƙura daga firinta. Na ce, "Yaya, an gyara. Yanzu ba ta cin baiti."

Bai ɗago ba. Ya ce, "To, wa zai rera?"