Magaryar Bakin Wadi

Da Malam ya tsinko ganyen magaryar nan, don gashina ya tsinko, ko kuwa ya san nasa wankan ya matso? Ɗiyata da ke rubuta mini wannan ta ce in bar wa Allah sani. Na bar masa, amma tambayar ba ta bar ni ba.

Malam mijina ne. Daga ƙasar Maraɗi muka zo, muka tsufa a unguwar Nuzla ta Jidda, shi yana tuƙa motar kafilinsa, wato ubangidansa Balarabe. Gabas da Jidda akwai wani wadi, wato kwari, da muke zuwa ran Juma'a da tabarma da shayi. Wata tsohuwar magarya ce a bakinsa, Malam ya ce ita kaɗai ce 'yar garinsu a ƙasar nan. Sai wata baƙuwar ƙaya da ake ce wa miskit ta mamaye wurin, ta shanye ruwan ƙasa, har magaryar ta fara bushewa ta gefe guda.

Da ya ji wasu matasa suna taruwa ran Asabar suna cire ƙayar kyauta, ya wasa gatari. Na ce, “Da wannan gwiwar?” Ya ce, “Gwiwar ce za ta yi sara? Yalla, maza, tsohuwa, ɗauko ruwa.”

Shugabarsu wata yarinya ce Balarabiya mai hular rana bisa mayafi. Ta raba wa kowa gefensa, Malam ya ce shi dai a ba shi gindin magarya. Ya yi aiki kamar saurayi, ni ina zaune ina raba dabino ina kushe saransa.

To a ƙasarmu manomin kirki ba ya kashe kututture. In ya sare itace sai ya bar gindin, ya gyara masa toho, ya sake zama bishiya. Hannun Malam ya saba. Ko'ina sun tono ƙayar har saiwa, shi kuwa ya bar kututturansa tsaf, har da tara musu ƙasa. Da muka koma bayan an ɗan yi ruwa, wadi fes, gefen Malam kaɗai ya yi kore shar.

Yarinyar ta riƙe baki ta ce wa Malam, “Ya ammi, baffana, cirewa muka zo yi ko shuka?”

Na ce, “Bar shi, ɗiyata, ko gemunsa haka yake yi masa.”

Ya yi dariya har da hawaye, ya ce, “Halas, shi ke nan, an ci ni.” Ya ajiye gatari ya karɓi diga. Kowane kututture sai ya nemi gafararsa kafin ya tone shi, matasan suna ɗaukarsa a waya. Asabar bayan Asabar, har ya gama da su duka.

Magaryar ta farfaɗo. Ranar da muka ga sabon ganye a gefen da ya bushe, Malam ya cika hularsa da shi. Matan Jidda da shi suke wanke gashi, ni ma na koya. Kuma da shi ake wa mamaci wanka, nan da can gida.

Muka dawo, ya yi azahar, ya kishingiɗa. La'asar ta yi ban iya tashe shi ba. Da ganyen aka wanke shi. Ina kuka har yanzu, ba na ɓoyewa, ko a gaban baƙi. Matasan sukan zo su kai ni wadin, in zauna a inuwarta in raba dabino.

Kafin ya kwanta ɗin, ya juye mini ganyen a faranti, yana shafa sanƙonsa da babu ko sili ɗaya. Ya ce, “Ki shanya a inuwa, tsohuwa. Kada ki ƙarar a kanki, ki rage mini.”