Yaji, Direban 'Yan Sintiri

Duk wanda ya shiga kasuwar shanu ta Potiskum ta ƙofar da ake lodi zai ga wani dattijo a ƙarƙashin rumfar kwano yana tufka igiya. Shi ne Yaji. Ba ya da yawan magana, yara kuma sun ɗauka tsufa ne ya sa shi haka. To, ba tsufa ba ne.

Ɗan garin Ngojin ne. Tun yana saurayi ya bi manyan motoci, daga yaron mota har ya zama direba, yana kai shanu kudu. Direbobin garin nan kowa da irin kiɗan hon ɗinsa, wanda in ya danna tun daga nesa iyalinsa za su ɗora masa ruwan wanka. Na Yaji dogo ne guda, sai gajeru a jere kamar kukan zabo. Ba ya wuce ƙauye bai gaishe su da shi ba, don a wurin direba wuce mutane shiru girman kai ne.

Da ciwon ƙugu ya hana shi doguwar tafiya, sai aka shiga shekarar da ɓarayin shanu suka addabi dazuzzukan kewaye. Wani babban dillali, Alhaji Mahdi, ya tara mafarauta da matasa ya kafa 'yan sintiri, ya sayi mota a-kori-kura, ya tsaya a tsakiyar kasuwa ya rantse ba zai huta ba sai ya kawo ɓarayin a ɗaure. Sai ya ɗauki Yaji ya riƙa tuƙa su.

Alhaji mutum ne da ba a ce masa a'a. Gaba yake zama, bindiga a cinya, kuma da sun doshi ƙauye sai ya taɓa kafaɗar Yaji.

"Danna musu. Su san Mahdi ne ke wucewa."

Yaji ya danna, mata su fito suna guɗa, Alhaji ya ɗaga hannu. Amma daji shiru gare shi, ƙara tana tafiya nesa. In sun isa inda aka ce ɓarayin suke, toka mai ɗumi da ɗanyen kashin shanu kawai suke tararwa. Duk wanda ke bayan motar ya san dalili, babu dai mai faɗa.

Da abin ya yi yawa, Alhaji ya ce Modu mai bin sawu ne ke ɓatar da su da gangan. Aka kai Modu gonar Alhaji da ke bayan garin Danchuwa, aka kulle shi a ɗakin ajiyar taki, ɗakin da ba shi da taga. Da ya fito, ƙafarsa ta dama ba ta ƙara taka ƙasa daidai ba. Aka sake fita, aka sake dawowa hannu banza, aka kuma rasa matasa a wani kwanton ɓauna. Wannan karon Abbas ne, mataimakin Alhaji da kansa, aka ce yana waya da ɓarayi. Shi har yau babu wanda ya san inda yake. Dukansu Yaji ne ya tuƙa su zuwa gonar, yana jin numfashinsu a bayansa.

Abinci ya daina shigarsa. Matarsa Fanne ta ɗauke kwanon tuwo yadda ta ajiye shi, ta ce, "Malam, ka mayar wa Alhaji da makullin motarsa mana. Ka ce ƙugun ne ya tashi."

"In na ajiye yanzu, cewa zai yi gudu na yi. Wanda ya gudu kuwa shi ne ɓarawon."

"To in ka zauna fa?"

Ya ɗauki makullin ya fita.

A lokacin Alhaji ya gaji. Matasa suna sulalewa ɗaya bayan ɗaya, masu shanu sun daina zuwa gaisuwa. Yana son ya ajiye yaƙin, ga kuma rantsuwa da ya yi a gaban jama'a. Abin da yake nema shi ne a ce ba a fi ƙarfinsa ba, cin amanarsa aka yi.

Wata rana bayan azahar ya sa Yaji ya tsaya a gindin wata tsamiya, su biyu kaɗai.

"Yaji, ka san ina ƙaunarka."

"Na sani, ranka ya daɗe."

"Ranar kasuwa zan rufe sintirin nan. Zan tambaye ka a gaban mutane wa ke danna hon, ka ce kai ne. Ai ba ƙarya ba ce, ko? Hannuna ya taɓa taɓa shi?"

"Bai taɓa ba, ranka ya daɗe."

"To shi ke nan. Ɗan lokaci za ka yi a gona, mutane su huce, in sallame ka. Kai ba Abbas ba ne. Abbas gardama ya yi."

Yaji ya tada mota, suka kama hanyar gari.

Ranar kasuwa mutane suka cika maƙil, dillalai da mahauta da Fulani masu sanduna a kafaɗa. Alhaji ya hau bayan motar ya ce yaƙi ya ƙare, ya gano ta inda asiri ke fita, kuma daga yau ɓarayi ba su da kunne a cikin gari. Sannan ya juyo.

"Wa ke danna hon in mun doshi daji?"

Yaji ya ɗago kai. Ya hango Modu can gefe, dogare da sanda. Ya ce, "Ni ne."

Wuri ya ɗauki hayaniya, wani ya jefo takalmi. Sai wani tsohon Bafulatani, wanda aka kwashe wa garke kaf, ya matso ya ɗaga sandarsa har aka yi shiru.

"Direba, a rugarmu ma mun ji hon ɗin nan. Kai ka ga dama kake dannawa, ko sa ka ake yi?"

Idon Yaji ne kawai ya kuɓuce masa ya tafi kan Alhaji, ya yi maza ya mayar da shi ƙasa. Amma mutane sun riga sun bi idon. Suka fara juyawa suna komawa wurin shanunsu, Alhaji yana ta magana, ana ta raguwa.

Duk da haka an tafi da Yaji gonar, wani ne ya tuƙa. Sai da aka girbe gero sannan aka buɗe masa ƙofa. Abin da ya gani a ɗakin nan bai taɓa faɗa wa kowa ba, har Fanne. Satar shanu kuwa ba ta tsaya ba, kuma da Alhaji ya sake kiran matasa babu wanda ya amsa masa.

Alhaji Mahdi yana nan da ransa, yana dillancinsa. Yakan bi ta gaban rumfar ya ce, "Yaji, ya ƙugun?" Shi kuwa ya saki igiya ya durƙusa, ya ce da sauƙi, ranka ya daɗe. Ba ya ɗagowa sai ya tabbata takun ya yi nisa.