Gasar da ta Nemi Rigima

Ƙanena mushe ne, wato malamin makaranta, a wata lakol ta Gidan Sori, amma tun yana ƙarami ciwonsa fim. Ba fitowa a ciki yake so ba, don ko hoton biki aka zo ɗauka bayan mutane yake laɓewa. Rubuta labarin yake so. Ni kuwa da nake aikin buga takardu a wani buro nan Gidan Rumji, ni ce jakinsa: ya rubuto da hannu, rubutu kamar kaza ta yi tono, ni in zauna gaban ordinatar, kwamfutar buron, bayan an tashi aiki in buga masa. Na sha yi masa tsiya cewa ranar da ya ci wata gasa, rabin kyautar na idanuna ne.

Shekarar da mahaifinmu ya rasu ya rubuta abin da har ni mai yawan kushe na rasa inda zan taɓa. Labarin Baba ne da amininsa, wani dattijo Bafulatani da muke kira Baffa. Tun kafin a haife mu, duk shekara in an gama kaka an saki gonaki, Baffa yakan sauko da shanunsa gonar Baba, su ci kara su bar taki, mu sha nono, su kuma a kai musu dammunan gero. Babu wani tashin hankali a labarin. Tsofaffi biyu ne a gindin gawo suna gardamar ko wane ne ya fi wani tsufa, kowa yana cewa shi ne yaro. Ina bugawa ina share hawaye, don muryar Baba ce sak.

Da aka gama, sai neman inda za a kai shi. A lokacin wayarsa ba ta hutawa, kullum da sabuwar sanarwar gasa. Akwai ta Yamai, wadda sai da Faransanci. Ya gwada juya hirar tsofaffin, ta fito kamar fura ba nono, ya bari da kansa. Akwai wata da ke yawo a waya, wadda sai ka biya kafin ka shiga, ba wanda ya san alƙalanta, kuma ko ka ci ko ka faɗi labarinka ya zama nasu. Na ce masa wannan kura ce da fatar akuya, ya yi dariya ya goge ta. Akwai wata ƙarama ta wasu ƴan wasan kwaikwayo a Maradi, ba su ɗora wa kowa jigo ba, tsofaffin hannu za su karanta su ba ka gyara, wanda ya ci kuma su yi fim ɗinsa da ɗan abin da suke da shi. Wannan kam ya taɓe mata baki, ya ce ai da ita da babu duk ɗaya.

Wadda ta tafi da hankalinsa ta wata ƙungiya ce mai aikin zaman lafiya. Suna karɓar Hausa, ba a biyan komai, kuma labarin da ya ci za a ɗauke shi da kayan aiki na gaske a zaga da shi ƙauyuka. Sharaɗinsu ɗaya ne: labarin ya nuna rikicin manoma da makiyaya, da yadda aka sasanta.

To, labarinsa akwai manomi, akwai makiyayi, rikicin ne babu. Sai ya ƙera shi. Ya kawo mini sababbin shafuka inda shanu suka shiga gonar wake tun ba a saki gonaki ba, manomin ya fusata, ya kai ƙara gun mai gari, aka yi baƙaƙen maganganu, daga baya aka yi sulhu. Raina ya ɓaci, na ce Baban wa ne wannan, mutumin da ko akuyar maƙwabta ta ci masa shanya sai dai ya kore ta da hula? Ya ce fim ne, ya sake sunaye, kuma in ba rigima alƙalan ba za su wuce shafin farko ba. Na yi ta mita, amma a zuciyata na tausaya masa. Ya daɗe yana rubutu ba wanda ya gani sai ni, kuma burinsa a kafa farin ƙyalle a dandalin garinmu mutane su ga ubansa. Na buga masa.

Tun rasuwar Baba, duk ranar kasuwar Gidan Rumji Baffa yakan biyo gidana ya sha fura ya huta kafin ya koma. Ya riga ya ji labarin na farko, ƙanena ya karanta masa ya yi ta dariya har da tari, don haka da ya same mu tare ranar sai ya tambayi inda fim ɗinsu ya kwana. Mu a wajenmu ba a sa mutum cikin magana a bayan idonsa, balle babba. Ƙanena ya ce masa an ɗan yi gyara, ya buɗe ya soma karantawa. Da aka zo wurin wake, sai na ga Baffa ya ajiye ludayi. Ya saurara har ƙarshe, ya yi godiya, ya ɗauki sandarsa. Ko tsokanar da ya saba yi mini a bakin ƙofa, cewa furata ta ƴan birni ce, ranar bai yi ba.

Aka gama kaka, aka saki gonaki, Baffa bai sauka gonarmu ba. Muka ji ya yi ruga can wajen Sae Sabuwa. Abin da bai taɓa faruwa ba ke nan a tsawon rayuwata. Daga baya wata mai tallar nono ta kawo mini saƙon matarsa, cewa tsoho ba ya cin abinci, yana ta faɗin amininsa ya tafi kabari da shi a rai.

Sai a lokacin muka gane. Mu muna cewa fim ne, shi kuwa a wajensa ɗa ba ya ƙaga magana ya sa a bakin ubansa da ya rasu. Abin da ɗa ya faɗa a kan uba, to daga uban ya ji shi. Ƙanena ya zauna a tsakar gidana ya dafe kai, ga ranar rufe gasar ta matso, ga shafukan a buge suna jiran aikawa. Na ga abin ya ishe shi. Da kansa ya ce ba zai aika ba, ya ce in shirya da safe mu je.

Muka hau moto, wato babur, muka bi ta cikin gonaki har rugar. Muka tarar da Baffa a kan buzu, ya rame. Bayan an gaisa ƙanena ya durƙusa a gabansa.

"Baffa, wallahi Baba bai taɓa gaya min wagga magana ba. Ni na ƙage ta, don masu gasa sun ce sai da rigima."

Baffa ya dube shi, sannan ya juyo gare ni ya tambaya ko ni ma ban taɓa ji ba, ko innarmu ma Baba bai gaya mata ba. Na ce kafin mu taho sai da na tambayi Inna, ta ce ita tun da aka kawo ta gidan ba ta taɓa jin shanun Baffa sun taɓa ko ganye ɗaya ba.

"Sun shiga, ɗiyata," in ji shi. "Shekarad da anka haihe ki. Barci ya kwashe ni, sunka cinye gehen waken nan duka. Da sahe na taho in ba shi haƙuri, sai nig gane shi cikin gona shi kaɗai, shina bi shina share sawun shanu da ƙahwa, don kada ƴan'uwanai su gani su kai ni ga mai gari. Da yaɗ ɗago yag gane ni, sai yac ce mini ina kwana."

Ya ce tun daga ranar ba wanda ya tayar da maganar tsakaninsu. Da ya ji ta a bakin ɗansa, sai ya ɗauka ashe abin na cin Baba duk shekarun nan, har ya amayar wa ƴaƴansa kafin ya cika. Yanzu da ya tabbata ko Inna Baba bai gaya wa ba, sai ya ja rawani ya rufe fuska. Ban taɓa ganin kukan Baffa ba sai ranar, ko a jana'izar Baba bai yi ba. Ni ma na yi, ƙanena ma ya yi, matar Baffa na tsaye da ƙwaryar nono ta rasa wanda za ta miƙa wa.

Da za mu tafi ya riƙe hannun ƙanena.

"In fim za ka yi, sa wanga. Wanga shi ne ubanka."

A hanyar komawa, da muka hango gari, ƙanena ya waiwayo ni. Ya ce labarin da mutum ya share sawu ya yi shiru ba shi da rikici ba shi da sulhu, waccan ƙungiya ba za ta dube shi ba. Sannan ya roƙe ni in tsaya gobe bayan an tashi aiki, akwai shafukan da zan cire, akwai wanda zai kawo, kuma ƙaramar gasar nan ta Maradi za mu aika wa.