Mai Zuwa Ran Juma'a

Bana shekara ashirin da rasuwar mahaifina, Malam Idi, wanda ya yi aikin gardi, wato tsaron fursunoni, a gidan kason garinmu. Duk sanda na ji rediyo na maganar cunkoson 'yan kaso, shi nake tunawa.

A shekarar fari, zamanin soji, ɗakunan suka cika da manoman da yunwa ta sa suka fasa rumbunan mutane. A zaune ake kwana. Kwamandan da ke mulkin garin ya ce a ƙara gini. Baba ya roƙe shi a mayar da masu ƙaramin laifi hannun masu garinsu, su riƙa zuwa duk Juma'a ana ganinsu. Kwamanda ya yarda, amma ya ce wanda duk ya gudu, Baba ne zai shiga madadinsa.

Cikin waɗanda aka saki akwai Tanko, daga wani ƙauye wajen Mayahi. Bai taɓa fasa zuwa ba. Tun yana ƙarasowa su gaisa, har ya koma tsayawa nesa, gindin gawo, da rana tsaka. Ya ɗaga hannu, ya juya. Baba ya ɗauka kunyar ramarsa yake ji.

Da kaka ta yi, Baba ya tafi ƙauyen ya shaida masa wa'adinsa ya cika. Matar Tanko ta shimfiɗa masa tabarma, ta ce, "Ai Malam, tun kafin shuka aka binne shi."

Juma'ar da ta biyo, Baba ya tsaya bakin ƙofa, ya fuskanci gawon, ya ce, "Tanko, ka gama. Je ka huta." Daga ranar bai ƙara ganinsa ba. Ko aljani ne, ko idonsa ne, bai taɓa yanke hukunci ba. Allah masani kawai yake cewa.

Yau garin ya ninka, ana ta shawarar gina sabon gidan kaso. Na san da Baba yana raye, zai fara tambayar wa ke ciki, kuma me ya yi.

Bai bar mana gona ko shanu ba. Abin da na riƙe amsarsa ce, ranar da na tambaye shi ko ya yi nadamar sakin Tanko, tunda a kaso ko ba komai akwai ɗan abinci. Ya ce, "'Ya'yansa sun san inda kabarinsa yake."

Allah ya jiƙan su duka biyun.