Ya Gana da Takunkumin da Bai Shafe Ta Ba

Ya Gana ce mai turaren wuta a unguwarmu, nan cikin Azare. Daga Gaidam aka kawo ta tana amarya. Mijinta, Malam Bunu, sarin busasshen kifi yake yi a Katagum yana kawowa kasuwa, kuma takan ce don korar ƙarnin kifi daga ɗakinta ta fara haɗa turare, sai abin ya zame mata sana'a. Yau ba a kai amarya a layinmu sai da kwalabenta.

Tun zuwanta ba ta da aminiya kamar Kande, wadda katanga ce kawai tsakaninsu. A bakin Kande ta koyi Hausa. Duk sha'anin da ya tashi a gidan Kande, suna ko rasuwa, Ya Gana ce a damanta kan tabarma, ita ke amsa gaisuwa idan Kande ta gaji. Da wannan wurin zama aka san ta, kuma tana ji da shi fiye da sana'arta.

'Ya'yansu, Kaltum ta Ya Gana da Jannatu ta Kande, tare suka nemi tallafin karatun kwamfuta a wata ƙasa mai sanyi. Aka ɗauki Jannatu, aka bar Kaltum.

Ya Gana ta je barka, har guɗa ta yi. Amma daga nan duk hoton da Kande ta nuna mata a waya sai ta samo masa aibu.

"Ikon Allah! Maman Jannatu, yarinyar nan ta rame fa. Can ba sa tuƙa tuwo ne?"

"Ramar ilimi ce, Ya Gana."

"To, Allah ya sa ilimin ya bar mana wuyan da za a rataya wa sarƙa."

Ana haka labari ya zo a rediyo. Na je sayo wa mahaifiyata turare, na tarar da Ya Gana tana juya tukunyar turare.

"'Yata, ke da kika yi jami'a, wane takunkumi ne wannan aka sa wa ƙasarsu Jannatu?"

Na gaya mata ana zargin gwamnatin ƙasar da tura mutanenta su yi kutse a kwamfutocin asibitoci da na wutar lantarki a wasu ƙasashe. Ƙasashen kuma, maimakon yaƙi, sai suka daina ciniki da ita, bankuna suka yanke hulɗa, jirage suka daina sauka.

"Gwamnati guda da haura katangar mutane? Kuma karatun da Jannatu ta je yi ke nan?"

Na ce ba ruwan ɗalibai, su dai abin ya rutsa da su ne, ba hanyar dawowa. Ba na jin ta ji ƙarshen maganar. Ta ƙara mini turare har kwalbar ta ƙi rufuwa, tana cewa abin da Allah ya hana bawa, alheri ne.

Ba ta shiga gidan Kande jaje nan take ba. Jira take Kande ta kira ta ta saman katanga kamar kullum. Kiran bai zo ba, sai muryoyin baƙin mata da take jiyowa. Bayan kwana biyu, da abin ya ishe ta, ta zuba garwashi a kasko, ta aiko in zo in raka ta.

A daman Kande muka tarar da wata Hajiya Radiyya daga Bulkachuwa, wadda ɗanta Uzairu ke jami'a ɗaya da Jannatu. Ga wasu iyayen ɗaliban sun cika tabarmar, sun haɗa kai a kan waya ɗaya suna sauraron saƙon murya.

"Sannu, Ya Gana," in ji Kande. "Ga kujera can."

"Kujera? Ni?"

"Ki yi haƙuri, ta wayar Hajiya labarin yaran ke zuwa."

Ya Gana ta zauna can gefe inda baƙi ke zama, kasko yana hayaƙi a gabanta. Can ta ce ita a ganinta a sa malamai su yi saukar Alƙur'ani.

"An yi tun jiya," Hajiya Radiyya ta ce ba tare da ta ɗago ba. "Allah sarki, wanda nasa ke gida ba zai gane ba. Ke kam kin huta, baiwar Allah."

Ya Gana ta dubi Kande tana jiran ta gyara zancen, ta faɗa musu ko ita wace ce. Kande ta share hawaye, ta kwantar da kanta a kafaɗar Hajiya.

Ni na ɗauko kaskon da muka fito. Mun sami Kaltum a tsakar gida tana wanke-wanke. Ya Gana ta tsaya a kanta, ko mayafi ba ta cire ba.

"Kaltum, ƙasar nan har yanzu suna ɗaukar ɗalibai?"

"Haba Mama, ƙasar da ko jirgi ba ya zuwa?"

"Ni dai tambaya na yi. Ki bincika."