Aljihun Lohri

Parkash Kaur ba ta taɓa saƙa ko hannun riga ba, amma rabin yaran unguwarsu a birnin Ludhiana da bakinta suke shan ɗumi. Mijinta Gurbachan ne ke da injinan saƙa a ƙasan gida, shi da ɗansu Baldev. Ita aikinta guda ne: ta sani tun cikin bazara wace riga yaro zai yi wa birgima a kasuwa in sanyi ya sauko. Ulu sau ɗaya ake rina shi. In ta kuskure, gidan ya yi asarar shekara.

Dabararta kowa ya san ta, haƙurin yi ne babu. Sai ta bari rana ta kai inda kwalta ke manne wa takalmi, ta shanya samfurin suwaita a igiyar saman soro, ta yanka mangwaro, ta kira yaran layi. Ba ta tambayar kowa wacce ta fi kyau. Yaron da ke shan mangwaronka, ko buhu ka nuna masa cewa zai yi ya yi kyau. Zama take ta zuba ido. Duk rigar ulun da yaro ya zura da kansa a wannan zafi, to ita ce ta bana.

Bara kaɗai ta ɓata. Ta biye wa iyaye mata masu son abin da ba ya nuna dauɗa, ta ce a saƙa ruwan toka. Yara suka dube shi kamar magani. Har yau da ruwan tokan nan Gurbachan yake goge inji, kuma ba ya gogewa sai ya tabbata tana kallo.

"Uwar Baldev," ya ce mata ranar gwaji, "in yaranki ba su zaɓa ba yau, zan leƙa abin da maƙwabta ke saƙawa in kwaikwaya. Tsumma dai na tara na shekara goma."

"Sardar ji," in ji ta, don haka take kiran maigidan, "kai da rawani ɗaya tun ranar aurenmu, kai ne za ka zaɓa wa yara kaya?"

Tana cikin shanya sai ta ci karo da aikin surukarta Ravneet, matar Baldev, wadda ba ta daɗe da hawa keken ɗinki ba. An ce ta liƙa wa wata jar suwaita hula a wuya, ita kuma ta ɗinke hular a gaban rigar, bakinta sama. Riga ta fito da wani ƙaton aljihu yana reto.

"'Yar nan, wannan riga ce ko jakar mai bara? Jariri za a goya a ciki?"

"Bebe ji," in ji Ravneet, yadda ake kiran uwa a can, "na ɗauka gaba ne baya."

"Allah ya sa ba haka kike ɗaukar ɗana ba."

Ta cusa rigar ƙarƙashin gadon igiya, ta zauna a kai.

Yara suka hau, suka shanye mangwaro tas, suka lashe gwiwar hannu. Shuɗiya mai tauraro, koriya mai zanen jirgi, ruwan ƙwai mai maɓallin katako, duk suna lilo a igiya, ko mai taɓawa babu. Zufa na bin Parkash, kuma ba ta rana kaɗai ba ce. Gurbachan ya hauro da kofin shayinsa, ya jingina da bango, har da tsumman ruwan toka a kafaɗa.

Can sai gadon ya motsa a ƙarƙashinta. Ta leƙa. Kirat ce, 'yar mai shayin bakin layi, sanye da jar rigar, jiƙe sharkaf, ƙannenta biyu na jan hannuwan rigar, ita kuma tana kai musu hauri.

"Ke, fito nan. Dafa kanki za ki yi? Me kika gani a wannan tsumma?"

"Bebe, ta Lohri ce," in ji yarinyar, tana nufin bikin tsakiyar sanyi da yara ke bin gidaje ana ba su gyaɗa, ta zura hannu biyu a aljihun har gwiwa. "Bara na zaga gida-gida, na yi waƙa har muryata ta dushe, na tara gyaɗa da gugguru a mayafi, sai ƙullin ya kwance. Akuyar masu wanki ta cinye."

Kafin ta rufe baki layi ya kafu, kowa sai ya gwada. Wani ya zuba ƙwallayen mangwaro a ciki don ya ga iya abin da zai ci.

Parkash ta miƙe a hankali, ta gyara mayafi.

"Sardar ji, ja za a rina. Aljihu kuma a ƙara masa faɗi. Tun bara nake da wannan tunani."

"Shi ya sa kika ɓoye shi a ƙarƙashinki?"

"Gudun idon maƙwabta. Ravneet, tsayuwar me kike? Je ki nuna wa mijinki yadda ake ɗinka shi, kafin ya gyara ya ɓata."

Ravneet ta sauka tana toshe baki da mayafi.

Kaka ta shigo, dillalai suka kwashe na farko suka dawo neman ƙari, sanyi bai gama kankama ba rumbun ya zama wayam. Ran Lohri da hantsi, layin ya cika da jajayen yara, kowa da tumbi a gaba kamar 'yan kasuwan hatsi. Suka tsaya ƙofar Gurbachan suna waƙa. Ya fito da buhun gyaɗar da kan ishe shi kowace shekara har da ragowa, ya zuba wa Kirat tafi guda. Ta leƙa aljihu, ta dube shi, ba ta gusa ba. Ya ƙara. Ya sake ƙarawa. Bai sallami rabin layin ba buhu ya kwanta.

"Uwar Baldev, kin ga abin da kika jawo mana? Waɗannan aljihunan ba su da ƙasa."

Parkash na zaune a rana tana ɓarar gyaɗar da ta ɗebe tun da safe.

"Koma kasuwa, Sardar ji. Ka tafi da tsummanka ka ƙullo kantun riɗi, ya yi amfani ko sau ɗaya."